Me Ya Sa Gwamnatin Amurka Ta Daina Sayen Kayan Huawei Da Kaspersky?

Yau hirar tamu kan sayayya ce, amma sayayyar gwamnati. Me zai sa ƙasa ta kafa doka ta ce ma'aikatunta kada su sayi kwamfuta, kyamara ko manhaja daga wani kamfani, alhali kayan na da kyau kuma ga araha?

Bari in fara da Kaspersky, kamfanin Rasha mai manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta. A Satumban 2017 ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta ba hukumomin gwamnatin tarayya kwana 90 su fara cire manhajar daga kwamfutocinsu. A 2024 kuma aka hana sayar da ita ga kowa a ƙasar.

Ku tsaya mu duba yadda irin wannan manhaja take aiki, don nan ne zancen yake. Kafin ta tsare maka kwamfuta, dole ka ba ta izinin buɗe kowane fayil. Idan ta ga wanda ba ta yarda da shi ba, tana iya aika shi zuwa manyan kwamfutocin kamfanin don a bincika. Kamar mai gadi ne da ka damƙa wa makullin kowane ɗaki, har da na uwar gida. Hakan ya taɓa faruwa kuwa: wani ma'aikacin hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ya kai fayilolin sirri gida, ya zuba a kwamfutar da ke ɗauke da Kaspersky, manhajar ta kwashe wasu ta tura. Kamfanin ya amsa cewa fayilolin sun iso gare shi, ya ce ya goge su, ya kuma musanta cewa yana yi wa gwamnatin Rasha aiki.

Sai China. A Agustan 2018 Amurka ta sa wani sashe mai lamba 889 a dokar kasafin tsaronta, wanda ya hana gwamnati sayen kayan sadarwa da na sa ido daga kamfanoni biyar: Huawei, ZTE, Hytera, Hikvision da Dahua. Biyun ƙarshe kyamarorin tsaro suke yi, irin waɗanda za ka gani a shaguna da gidajen mai a nan gida. Daga Agustan 2020 abin ya ƙara tsauri: ko ɗan kwangila ne kai, in kana amfani da kayansu a harkarka, gwamnati ba za ta ba ka aiki ba.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce dokar leƙen asiri ta China ta 2017, wadda sashenta na 7 ya wajabta wa kowane kamfani da ɗan ƙasa ba hukumomin leƙen asiri haɗin kai. Huawei ya sha cewa ba a taɓa neman ya yi leƙen asiri ba, kuma ko an nema ba zai yi ba. To amma ka gane, na'urar zamani ba kamar babur ba ce da za ka saya ka rabu da mai shi. Kullum kamfanin na turo mata sabuntawa ta intanet. Ka bincike ta yau ka same ta fes, gobe saƙo ɗaya ya sauya mata hali. Shi ya sa masu tsaro suka fi damuwa da wanda ke da ikon ba kamfanin umarni.

Cirewar fa akwai tsada. Majalisar Amurka ta ware dala biliyan 1.9 don ƙananan kamfanonin waya na karkara su tumɓuke kayan Huawei da ZTE, sai ga shi kuɗin da ake buƙata ya kusan dala biliyan 5. Birtaniya ma da ta yanke irin wannan hukunci a Yulin 2020, sai da ta ba kamfanoninta har ƙarshen 2027 su gama cire Huawei daga layukan 5G.

Ni dai a ganina, Amurka ta san abin da take tsoro ne don ita ma ta iya. Takardun da Edward Snowden ya fallasa sun nuna NSA na tare na'urorin Cisco a hanya, ta dasa musu abin leƙe, ta sake naɗe su a kwali. China ma ta rama a 2023, ta hana muhimman cibiyoyinta sayen kayan kamfanin Micron na Amurka. Akwai tsaro a ciki, akwai kuma kishin kasuwa, kuma raba su da wuya.

Mu a Afirka fa? A Janairun 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta ruwaito cewa an shafe shekaru ana kwashe bayanai cikin dare daga hedikwatar Tarayyar Afirka da ke Addis Ababa, wadda China ta gina kyauta, zuwa Shanghai. China ta ƙaryata, shugabannin Tarayyar ma haka. Ga shi kuma kiran wayarmu da yawa a Najeriya ta kan kayan Huawei yake bi, kuma ba mu da namu kamfanin da za mu koma wa in mun ce a cire.

Nan za mu dakata, sai mun haɗu a shiri na gaba.