Hoton Da Aka Miƙa Wa Mai Zane Shi Ke Yanke Kuɗin Aiki

LEGAS — Zanen dabba bisa oda, wato mutum ya biya mai zane ya fitar masa da surar dokinsa ko kyanwarsa a kan ƙyalle, sana'a ce mai ciniki a tsakanin masu dawakin folo a wannan birni, inda aka kafa kulob ɗin wasan tun 1904. Da yake dabba ba ta tsayawa a zana ta, hoto ake miƙawa, kuma daga nan riba ko asara ke farawa.

Abin da mai zane ke sayarwa lokacinsa ne. Idan hoto ya yi dishi-dishi, sai ya cike gurbin da kintace, mai doki ya ce ba dokinsa ba ne, a koma gyara bayan an riga an biya kafin alƙalami.

Haske ne kan gaba. Hantsi ko bayan la'asar ya fi tsakar rana, domin rana tsaka tana mayar da akawal baƙin dunƙule marar tsoka, kili kuwa ta wanke shi fari fat. Fitilar kyamara ma ɓarna take yi, saboda a cikin idon doki da na kyanwa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, sai ido ya fito kamar tocila. Ido kuwa shi ne abin da mai dabba ke fara dubawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne matsowa kusa da wayar hannu, wanda ke kumbura hanci ya ƙanƙance kunnuwa. Gara a ja baya, a daidaita kyamara da tsayin idon dabbar. A haɗa da hotuna biyu ko uku na gefe domin launin gashi da tabon goshi, a kuma faɗi tun farko ko da sirdi da linzami ake so, tunda adon yana ƙara kwanakin aiki.

WhatsApp yana matse hoto, don haka a tura shi a matsayin fayil.

Idan ƙwararren mai ɗaukar hoto ne ya ɗauka a filin wasa, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare aikinsa. A nemi izininsa a rubuce kafin a taɓa fenti.