Haɗa Motar V8 Mai Giyar Hannu: Wace Tsohuwar Mota Ya Dace a Fara Da Ita?

Sha'awar tsofaffin motocin Amurka masu injin silinda takwas, wato V8, ta fara shiga zukatan wasu matasanmu na zango, musamman waɗanda ke da 'yan'uwa a Amurka da za su iya loda masu mota zuwa tashar Tema. Burin shi ne a samu tsohuwar mota ta shekarun 1960 ko 1970, a zuba mata inji mai ruri, a haɗa da giyar hannu. To amma kafin mutum ya taɓa kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa, ya kamata ya san cewa a wannan aiki inji ba shi ne babbar matsala ba. Gangar jikin motar da za a ɗora injin a kanta ita ce ke tashi da mutum ko ta kayar da shi.

Dalili kuwa shi ne, injin yana da sauƙin samu. Kamfanin Chevrolet ya fito da ƙaramin V8 ɗinsa tun 1955, kuma samfurin 350, mai lita 5.7, wanda ya fara bayyana a motar Camaro ta 1967, an ƙera miliyoyinsa. Haka ma 289 da 302 na kamfanin Ford. Idan inji ya buga, a sauke shi a ɗora wani. Jikin da tsatsa ta cinye kuwa, sai dai a yi ta walda ana biyan kuɗi, wata bayan wata.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na Amurka suna zaune ne a Bronx ta New York da Columbus ta jihar Ohio, wuraren da ake zuba gishiri a kan tituna lokacin ƙanƙara. Gishirin nan shi ke cin ƙarfen mota daga ƙasa. Motar da ta yi rayuwarta a busassun jihohi irin su Arizona ta fi tsira, ko da fentinta ya ƙone da rana. Don haka kada hoton mota mai sheƙi ya ruɗe ka. Ka sa a ɗaga ta sama, a ɗauko maka hoton ƙasanta, a cire kafet a duba daɓen, a kuma bi ƙofofi da gefen tayoyi da maganaɗisu. Duk inda bai kama ba, to akwai yiwuwar an cike rami ne aka shafe da fenti. Kada kuma a manta iskar teku ta Ankara ita ma ba ta raga wa ƙarfe.

Ginin motocin ma ya bambanta. Mustang, wadda ta fito a watan Afrilun 1964, jikinta da shasinta a haɗe suke, saboda haka idan tsatsa ta ci ƙasanta ƙarfin motar gaba ɗaya ya tafi. Chevelle ta 1964 zuwa 1972 da a-kori-kurar Chevrolet C10 kuwa suna zaune ne a kan shasi na daban, ana iya ɗage jikin a gyara kowanne shi kaɗai. Ga masu aikin ƙarfe na Suame Magazine a Kumasi, waɗanda suka saba da manyan motoci, wannan gini ba baƙo ba ne.

Akwai wani tarko da ke kama masu neman araha. Mutum zai ga Mustang ta 1965 ko 1966 mai silinda shida da kuɗi kaɗan, ya ce ai inji kawai zan canza. Ba haka ba ne. Mai silinda shida noti huɗu ne a tayarta, ta V8 kuwa biyar. Birkinta ƙarami ne, aksil ɗin baya ma bai kai ƙarfin na V8 ba. Duk sai an sauya. Lambar shasi ba ta ƙarya: harafi na biyar idan T ne, mai silinda shida ce aka haifa, idan C ko A ko K ne, to 289 ce tun daga masana'anta.

Haka batun giya. Mayar da mota mai canza giya da kanta zuwa ta hannu yana yiwuwa, amma sai an nemo fedar kuloci da duk abin da ke haɗa ta, da gidan kuloci, da maƙalin akwatin giya, wani lokaci har a rage ko a ƙara tsawon sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Wadda ta zo da feda uku tun asali ta rage maka rabin wahala.

A ganina, matashin da wannan ne aikinsa na farko ya bar Camaro ta 1967 zuwa 1969 ga masu hannu da shuni. Nova ta 1968 zuwa 1974 kusan ƙasan gabanta ɗaya ne da Camaro, inji ɗaya suke ɗauka, amma sunanta bai kai na 'yar'uwarta tsada ba. Wanda ba ya damuwa da sai ta shekarun 1960 kuwa, ya duba Mustang ta 1979 zuwa 1993. Da yawansu sun fito da injin 5.0 da giya biyar ta T-5 a haɗe, kuma ta 1987 tana ba da ƙarfin doki 225. Giya ta biyar ɗin nan tana rage shan mai a doguwar hanya kamar Ankara zuwa Kumasi, abin da tsofaffin akwatunan Muncie da Toploader masu giya huɗu ba su da shi.

Sauran lissafi na gida ne. Sitiyarin motocin Amurka a hagu yake, ya dace da Gana da ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974. Sai dai kayan gyaran da suka cika Abossey Okai galibi na motocin Japan da Koriya da Turai ne, don haka yawancin abin da za ka buƙata sai an aiko maka, kuma notocin motocin 1960 da ma'aunin inci aka yi su, dole makanikinka ya mallaki sifanun da suka dace. Motar da ta haura shekara goma kuma tana da nata hukunci a dokar kwastan, wadda aka yi wa gyara a 2020. Ka samu ejan ɗin fiton kaya ya yi maka lissafin a rubuce tun motar ba ta shiga kwantena ba.