Lambar Shaidar Ɗan Ƙasa: Abin da Ya Shafi 'Yan Makaranta

Zuwa ga Hakimai da malamansu.

An shirya wannan takarda domin a bayyana muku wata lamba wadda ake kira NIN, watau Lambar Shaidar Ɗan Ƙasa. Hukumar NIMC, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa da doka a shekarar 2007, ita ke ba da ita. Lambobi 11 ne a jere. Kowane mutum guda ɗaya ake ba shi, kuma ita ce tasa har iyakar ransa.

Tun daga shekarar 2021 hukumar JAMB ba ta karɓar sunan ɗalibi domin jarrabawar shiga jami'a sai yana da wannan lamba. Wanda ba shi da ita, ko da ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu, sai ya jira baɗi.

Ga yadda ake yi. Ɗalibi ya tafi ofishin rajista da kansa, gama za a ɗauki hotonsa. Wanda bai kai shekara 16 ba, sai uba ko uwa ko mai riƙonsa ya raka shi, da tasa lambar, da takardar haihuwar yaron. Rajistar fari kyauta ce. In an gama, akan ba shi 'yar takarda mai ɗauke da lambar. Lalle a adana ta.

Amma inda aka fi samun wahala shi ne wajen suna. Al'adarmu ce yaro ya zama Muhammadu a gida, Mamman a makaranta. Wani a rubuta shi da sunan ubansa a wuri ɗaya, a wani wurin da sunan garinsu. Haka kuma ranar haihuwa, sau da yawa kintata ake yi. To, na'ura ba ta san yaro ba, abin da aka rubuta kaɗai ta sani. In takardu suka saɓa wa juna, sai a biya kuɗin gyara, a yi ta jira, wata yiwu lokacin jarrabawa ya wuce.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su umarci Dagatai da masu unguwa su sanar da iyaye tun yara suna ƙananan aji, kada a bari sai jarrabawa ta ƙarato, ofisoshi sun cika. Malaman Hakimai kuwa, duk takardar shaida da za su rubuta wa yaro, su dubi takardar haihuwarsa tukuna, su kwafi sunan harafi da harafi. A kula da 'ya'ya mata da na ƙauyukan nesa, gama su ne labari ya kan riska a makare.

Allah ya taimaki Hakimai bisa wannan aiki, amin.