Tsohuwar Tarakta da Bokitin Lodin Taki

Wanda ya bi hanyar Dambatta ko Bichi a ƙarshen rani ya san tsibin takin da ake jerawa a gonaki kafin ruwan shuka. Ƙasar nan jigawa ce, ba a barinta ta huta, takin gida ne ya riƙe ta tun kaka da kakanni. A da jaki da mangala ke kai shi. Yanzu ga tirela, amma lodi har yau sai da shebur, rana a ka, toka na shiga ido. Shi ya sa mai tsohuwar tarakta, in ya ga katafila na lodin yashi, sai ransa ya biya: me zai hana mai walda ya ƙera masa bokiti a gaba?

Ƙarfe akwai shi a kasuwar Ƙofar Ruwa. Inda gizo ke saƙar shi ne man da zai ɗaga bokitin.

Ɗauki Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975. Famfonta a nutse yake cikin man giya, kuma don ɗaga garma ta baya aka yi shi. Abin da yake turawa bai kai lita 20 a minti ɗaya ba. Makanike na iya cire ɗan murfin da ke ƙarƙashin kujerar direba, ya dasa bawul mai karkatar da mai zuwa gaba. Bokiti zai tashi, amma da nawa, kuma muddin man na gaba, hannayen baya sun tafi hutu. Abin da ya fi ci wa direba tuwo a ƙwarya shi ne kuloci: da ya taka shi har ƙasa famfo ya tsaya, bokiti ya maƙale a inda yake. Mai lodi kuwa ƙafarsa ba ta rabuwa da kuloci.

Don haka na fi yarda da famfo na daban, a ɗaura shi a goshin inji ya riƙa juyawa tare da shi, da tankinsa da matacinsa. Ya fi tsada, amma muddin inji na kunne mai na gudana. A nemi silinda mai tiyo biyu, mai turawa da jawowa, domin takin turke da ya daskare ba ya ɓantaruwa sai an danna bakin bokiti ƙasa da ƙarfi.

Gaban tsohuwar tarakta ba na dako ba ne. Bokiti na cika sitiyari zai yi tauri, tayoyin baya su yi sakayau. Ganga cike da kankare a rataye ta baya tana gyara wannan. In za a tsallaka kunya, bokiti ya zauna ƙasa-ƙasa, don da kaya a sama kifewa ba ta da wuya.

Tiyo ne abin da ba na son a yi wa rowa. Man da ke ciki a matse yake ƙwarai, kuma ta hudar da ba ta fi tsinin allura ba yana iya huda fata ya shige cikin tsoka. Kada yaron mota ya shafa da hannu yana neman inda ke yoyo. Kwali ake karawa, bayan an sauke bokiti ƙasa. Wanda man ya shiga jikinsa, ko da ciwon bai fi cizon sauro ba, a kai shi asibiti nan take.