Baƙo Ya Iso, Mai Gida Yana Sujada

Ranar Lahadi ce kasuwar Mai'adua take ci. Tun yammacin Asabar motoci ke kwararowa cikin wannan gari na ƙasar Daura, waɗansu daga Kano da kudancin ƙasar nan, waɗansu kuwa daga Jamhuriyar Nijar ta iyakar Kwangwalam, wadda ke fuskantar Ɗan Barto a hanyar Matamaye da Damagaram. Fataken dabbobi, masu hatsi, direbobi da yaransu, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ga Kirista mai ɗaki ɗaya ko biyu da yake bayarwa haya ta kwana ɗaya ko ta mako, a nan wuyar take: sau da yawa lokacin da baƙo ke tsaye a ƙofa da jakarsa, mai gida da iyalinsa suna cikin sujada. To, ya fita ya je ya miƙa makulli, ko ya bar baƙo a rana?

Aikin fatoma

Saukar da baƙi don samun abin kai wa baka tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Mai yin ta shi ake kira fatoma, ko mai gida. A shekarar 1966 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta yi rubutu a kan fatomomin Kumasi, kana a 1969 Abner Cohen ya fitar da littafi a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara ga masu gida. Fatoma yakan ba falke wurin kwana da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, in an sayar da kaya bashi kuma shi ne mai tsayawa. Ribarsa takan fito daga la'adar ciniki. Jarinsa na gaske shi ne sanin mutane, domin ya san wanda ya sauka gidansa, da garin da ya fito, da wanda ya aiko shi. In baƙo ya yi ɓarna, shi mai unguwa zai kira.

Makulli a cikin akwati

Yau an sami wata hanya. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, baƙo na iya kama ɗaki tun yana Legas, ya biya ta banki. A ƙasashen waje kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, ya yaɗa al'adar baƙo ya buɗe wa kansa ƙofa. Mai gida yakan kafa ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, ya sa makulli ciki, ya aika wa baƙo lambar buɗewa ta waya. Waɗansu kuma kwaɗo mai lamba suke sa wa ƙofar kanta. Masu neman irin wannan masauki a ƙasar Daura ba 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Akwai ma'aikatan kwastan da na shige da fice da aka yi wa canjin wurin aiki, da masu yi wa ƙasa hidima, da iyayen ɗaliban Jami'ar Sufuri da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da masu aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda aka aza harsashinsa a 2021.

Dabara ce mai amfani, sai dai makulli kaɗai take miƙawa. Sanin baƙo, wanda shi ne ginshiƙin aikin fatoma, yana nan a wuyan mai gida. Ko a Turai an gane haka, domin a watan Nuwamba 2024 ma'aikatar cikin gida ta Italiya ta ba da umarni cewa mai masauki ya ga baƙonsa, ya gwada fuskarsa da takardar shaidarsa, maganar da ta kai har gaban kotu. In ƙasar da ke da rajistar kowane baƙo ta damu haka, ina ga garin da ke bakin iyaka?

Kafin baƙo ya taso

Saboda haka aikin ranar Lahadi tun ranar Juma'a ake gama shi. Da fari, mai gida ya yi magana da baƙo baki da baki a waya, ya ji sunansa, da abin da zai kawo shi, da yawan mutanen da za su kwana, da wanda ya san shi a gari. Ya nemi hoton katin shaidarsa. Wannan ba rashin ladabi ba ne. Mun sani a Romawa sura 16 Manzo Bulus ya gabatar da Fibi ga ikilisiyar da ba ta san ta ba, ya faɗi inda ta fito da irin hidimarta, don a karɓe ta hankali kwance.

Na biyu, kwatance. Gidajenmu da yawa ba su da lamba, don haka a rubuta kwatance da abin da ido ke gani, kamar tasha, famfo, ko launin ƙofa, a haɗa da kuɗin da ɗan acaɓa ya saba karɓa. A aika da wuri, kuma a aika ta gajeren saƙo ban da WhatsApp, domin wanda ya taso daga Nijar da layin 227 yana iya rasa intanet da zarar ya ƙetaro, a daidai lokacin da ya fi bukatarta. In baƙon bai iya karatun boko ba, a yi masa saƙon murya.

Na uku, kuɗi. A daidaita tun farko ko da naira za a biya ko da sefa, da nawa. Kada a gamsu da hoton rasit ko saƙon shigar kuɗi, gama na jabu sun yi yawa. Sai mai gida ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun shiga, sa'an nan ya ba da lambar ƙofa.

Na huɗu, ita lambar a canja ta duk lokacin da baƙo ya tashi. Kwaɗon da ke aiki da batir yana iya mutuwa ba sallama, don haka a ajiye makulli na biyu wurin maƙwabci amintacce, a ba baƙo lambar wayarsa. Maƙwabcin da ba ya sujada ranar Lahadi zai tsaya maka da safe, kai kuma ka tsaya masa ranar Juma'a. A cikin ɗaki a bar takarda mai bayanin ruwa, da abin yi in an ɗauke wuta, da lokacin rufe ƙofar gida, da asibiti mafi kusa.

Bayan an tashi sujada

Da an yi albarka an watse, mai gida ya nufi masauki kafin ya ci abincin rana. Ya yi wa baƙo maraba, ya ga ko fuskar ta yi daidai da hoton, ya ga ko mutum biyun da aka ce ba su zama shida ba. In baƙon zai daɗe, a sanar da mai unguwa kamar yadda aka saba tun dā. Baƙon kirki zai ji daɗin wannan ziyara, na banza kuwa zai gane cewa gidan yana da mai shi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma falken da aka tarbe shi haka, kasuwa mai zuwa gidanka zai dawo, har ya kawo ɗan'uwansa.