Kula da lafiyar karnuka a Haɗeja a lokacin annobar korona

Kula da lafiyar karnuka a Haɗeja a lokacin annobar korona ya shafi yadda masu karnuka a garin Haɗeja da ƙauyukan fadamar Kogin Haɗeja, a Jihar Jigawa, ke samun ganin likitan dabbobi a shekarar 2020, lokacin da gwamnati ta taƙaita zirga-zirga saboda cutar COVID-19. A ƙasashen Turai batun ya fi karkata ga yadda za a sa wa mai kare lokacin ganin likita ba tare da cunkoso ba. A yankin Haɗeja kuwa nauyinsa yana kan cuta guda, wato haukan kare, wadda ke kashe mutum idan alamunta suka bayyana, kuma jinkirin kwanaki kaɗan wajen neman allura na iya zama sanadin rasa rai.

Kare a ƙasar Haɗeja

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Yawancin mutanenta manoma ne, masunta da makiyaya. Da rani, idan ciyawa ta bushe a tudu, garkunan shanu kan gangaro fadamar Haɗeja zuwa Nguru neman ruwa da ɗanyar ciyawa, kuma karnukan makiyaya na tafe da su.

Kare a wannan yanki dabbar aiki ce. Akwai na farauta, akwai na ruga mai tsaron shanu da tumaki, akwai mai gadin gida ko lambu. Addinin Musulunci ya yarda a ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron gona, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda mutanen yankin ke bi, ba a ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, ko da yake an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Duk da haka kare ba ya kwana a ɗaki, ba a saba ɗaure shi da igiya ba, kuma da yawa daga cikin karnukan da ake gani a bola ko a mahauta suna da masu su, sakinsu kawai aka yi su nemi abinci. Wannan sakin shi ne ke haɗa karen gida da na ruga da na daji, shi ne kuma hanyar da cuta ke bi.

Aikin lafiyar dabbobi a arewacin Najeriya tun zamanin Turawa a kan shanu aka gina shi, musamman don yaƙi da cutar bushiya, wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Har yau abin da ya fi cin lokacin malaman dabbobi shi ne ciwon huhun shanu, boru, sammore, da ciwon hanta da ya yawaita a fadama. Mutumin da zai kashe kuɗi a kan sa ko ragon layya ba lallai ne ya ga dalilin kashewa a kan kare ba. Mafarauta ne suka fi bambanta, domin karen farauta mai kyau dukiya ce a wurinsu.

Dokar kulle ta 2020

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas. Ranar 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Legas, Ogun da Abuja. A watan Afrilu aka rufe Kano, wadda ita ce babbar kasuwar da magungunan mutane da na dabbobi ke fitowa zuwa Jigawa. Daga 4 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ta kuma sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ba a ɗage hanin tafiya tsakanin jihohi ba sai 1 ga Yuli. Gwamnan Jigawa a lokacin shi ne Muhammad Badaru Abubakar. A farkon watan Mayu jaridu sun ba da rahoton yawan mace-mace a garin Haɗeja, akasari na tsofaffi, har gwamnatin jihar ta tura masu bincike, abin da ya sa mutane da dama suka ji tsoron kusantar asibiti.

Dokar ta ware abinci, magani da kayan noma daga cikin abin da aka hana wa tafiya. A watan Maris na shekarar, Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Duniya sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kira ga gwamnatoci su lissafa aikin likitan dabbobi cikin ayyukan da ba a dakatarwa. Amma izini a takarda daban, mota a hanya daban. Motocin haya sun yi ƙaranci, shingayen jami'an tsaro sun yawaita, kuma duk wannan ya faɗo a tsakiyar zafin bazara da azumin Ramadan, wanda aka fara a ƙarshen Afrilu. Allurar rigakafin haukan kare tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. Wadda ake yi a cikin gida tana fitowa ne daga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924. Kwalbar da ta kwana a shinge ƙanƙararta ta narke, ko ta zauna a firjin da ba wuta, tana iya rasa ƙarfinta ba tare da kamanninta sun canza ba.

Yadda ake ganin likita

A Ingila, bayan an shiga kulle ranar 23 ga Maris 2020, hukumomin likitocin dabbobi sun umarci asibitoci su taƙaita aiki ga abin gaggawa. Mai kare zai buga waya, a sa masa lokaci, ya zo ya tsaya a motarsa, ma'aikaci ya fito ya karɓi karen ya shiga da shi, likita ya yi bayani ta waya. An kuma ba da izini na ɗan lokaci a rubuta magani bayan an duba dabba ta bidiyo. A Amurka ma haka aka yi.

Wannan tsari ya dogara da abubuwa uku da ba kasafai ake samunsu a ƙauyen fadama ba: mota, kare da ya saba da igiya da hannun baƙo, da asibiti mai rajistar sunayen dabbobi. A arewacin Najeriya abin da aka saba shi ne a kai dabba asibitin dabbobi da safe ba tare da an sa rana ba, ko a tari malamin dabbobi ranar kasuwa, ko a kira shi a waya ya zo gida ko ruga a kan babur. Da kasuwanni da hanyoyi suka sami cikas, wayar ce ta rage. Ta waya likita na iya tambayar kwana nawa karen ya yi ba ya cin abinci, ko yana amai ko gudawa, ko ya yi faɗa da wani kare baƙo, ko ya ciji wani, sannan ya yanke ko ya zo ko a jira. Hoto ko ɗan bidiyo ta WhatsApp na taimakawa wajen gane ƙazuwa ko rauni.

Idan ya zama dole a haɗu, nisan taku biyu da hukumomin lafiya suka ce a bari tsakanin mutane ba ya yiwuwa, domin karen gida ba ya yarda kowa ya riƙe shi sai mai shi. Abin da ya fi dacewa a lokacin annobar shi ne a yi aikin a fili, a ƙofar gida ko gindin bishiya inda iska ke kaɗawa, mutum ɗaya ya riƙe, yara su matsa, a ɗaure bakin karen da ƙyalle, mutanen biyu su rufe hanci da baki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Ta wannan fuska duba dabba a waje, wanda ake gani kamar rashin kayan aiki ne, ya fi ɗakin asibiti mai rufaffiyar taga aminci.

Ba kowace matsala ce ke buƙatar likita nan take ba. Kaska, ƙuma, tsutsar ciki da ƙazuwa marar tsanani na iya jiran 'yan kwanaki. Gudawar jini ga ɗan kwikwiyo, karaya, naƙuda da ta ƙi ci, saran maciji da cin guba ba sa jira. Haka kuma duk karen da halinsa ya sauya ba zato ba tsammani.

Haukan kare

Haukan kare cuta ce da ƙwayar bairos ke kawowa. Tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta cizo ko yaƙushi ko lasar rauni, sai ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duk masu kamuwa daga kare suke samu, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, cizon kan same shi a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa, kuma yakan ɓoye don tsoron faɗa.

Sunan cutar a Hausa ya kama rabin gaskiya ne kawai. Akwai nau'in da kare ke fusata, ya yi ta gudu, ya ciji mutum da dabba da itace, muryarsa ta canza. Akwai kuma nau'in shiru, inda karen ke laɓewa, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ƙafafun baya su mutu. Wannan na biyun ya fi yaudara, domin mai karen kan zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu a bakinsa don ya ciro. Shanu, awaki, jakuna da kyanwa ma suna kamuwa, don haka karen ruga guda na iya jawo wa makiyayi asarar saniya.

Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar farko yana wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar kan daina yaɗuwa a cikinsu. Matsalar ita ce karnukan da ake saki ba sa daɗewa a duniya, kuma karya na iya haihuwa har sau biyu a shekara. Saboda haka idan aka tsallake rigakafin shekara guda, ko saboda annoba ko rashin kuɗi, sababbin karnukan da ba su taɓa ganin allura ba kan cika gari da sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya: allurar da aka yi wa kare bayan alamu sun bayyana ba ta da amfani.

Idan kare ya ciji mutum

Matakin farko a gida yake, kuma dokar kulle ba ta hana shi ba: a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Kada a zuba barkono, toka ko ganye, kada kuma a yi gaggawar ɗinke shi. Daga nan sai asibitin mutane a ranar, kamar Babban Asibitin Haɗeja ko cibiyar lafiya mafi kusa, don a fara allurar bayan cizo. Ana yin ta ranar farko, rana ta 3 da ta 7, wani tsarin kuma yana ƙarawa da ta 14 ko ta 28. Ga rauni mai zurfi akwai wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin kansa, wadda ke da tsada da wuyar samu. Wannan maimaita zuwa asibiti shi ne inda hanin zirga-zirga ya fi cutarwa, domin mutumin Guri ko Kiri Kasamma sai ya nemi abin hawa sau uku ko fiye.

Alamun cutar ga mutum kan bayyana bayan wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin kan warke, a manta da shi. Idan tsoron ruwa da firgita suka fara, babu sauran magani, kuma iyalai kan danganta abin da iska ko sammu.

Al'adar da aka saba ita ce a bi karen da ya yi cizo a kashe shi a jefar. Likitoci sun fi son, idan karen gida ne kuma ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Idan ya cika kwanakin lafiya ƙalau, bai sa wa wanda ya ciza cutar ba. Idan ya mutu ko an kashe shi, a sanar da malamin dabbobi, domin a ƙwaƙwalwarsa ake yin gwajin. Ba a jiran sakamakon kafin a fara yi wa mutum allura.

Kare da korona

A ƙarshen Fabrairu 2020 an sami ƙwayar korona a jikin wani kare a Hong Kong wanda mai shi ke da cutar. Binciken da ya biyo baya ya nuna karnuka na iya ɗauka daga mutane, yawanci ba tare da rashin lafiya mai tsanani ba, kuma ba a sami hujjar cewa suna taka rawar a zo a gani wajen yaɗa ta ga mutane ba. Haɗarin da ke cikin ganin likitan dabbobi a lokacin tsakanin mutum da mutum yake.

Kalmomi

Annobar ta faɗaɗa ma'anar wasu kalmomin Hausa. Kulle a da ta fi nufin zaman matar aure a gida, sai ta koma sunan dokar hana fita. Takunkumi asalinsa abin da ake ɗaura wa dabba ne a baki don kada ta yi cizo ko ta ci amfanin gona, irin wanda masu wasa da kura ke sa wa kurarsu. 'Yan jarida sun daɗe suna aron kalmar ga matakan karya tattalin arzikin wata ƙasa, a 2020 kuma ta zama sunan ƙyallen rufe hanci da baki. A wurin yi wa kare allura a shekarar, kalmar guda ta hau kan karen da mai shi da likitan.

Bayan kulle

Sassauta doka a watan Yuli bai buɗe hanyoyin fadama na tsawon lokaci ba. A watan Satumba 2020 Kogin Haɗeja ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje a yankin, ya raba ƙauyuka da manyan hanyoyi, ya kuma tara mutane da dabbobinsu a 'yan tuddan da suka rage. Ambaliyar ta zo daidai da Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya, 28 ga Satumba, ranar da Louis Pasteur na Faransa ya rasu a 1895, shekara 10 bayan ya fara gwada allurar cutar a kan wani yaro da kare ya ciza. An sake buɗe iyakar Maigatari da Nijar a watan Disamba 2020. A 2022 Najeriya ta ƙaddamar da shirin ƙasa na kawar da haukan kare, bisa manufar da hukumomin duniya suka sa ta kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare zuwa shekarar 2030.