Ƙwaro mai wutsiyar kunama, ɗan'uwan ƙuma

Wani ɗan kasuwa da ke sayo kaya daga ƙasar Sin ya taɓa nuna mini hoton wani ƙwaro a wayarsa: fikafikai 4, dogon baki, ga wutsiya a lanƙwashe sama sak ta kunama. Damuwarsa ita ce kada wata rana irinsa ya biyo kwantena ya iso rumfarsa.

To, Alhaji, a kwantar da hankali. Wannan ƙwaro ba ya harbi, ba shi da dafi. Abin da ke kama da ƙarin kunama al'aurar namijin ce, macen ma ba ta da shi. Dazuzzuka masu laima na Turai da Asiya da Amurka ta Arewa ne mazauninsa, ba a samun sa kudu da Sahara. Abincinsa matattun ƙwari, wani lokaci har cikin yanar gizo-gizo yakan shiga ya yi sata.

Masana na kiran zuriyar baki ɗaya Mekoftera, sun kuma ƙidaya kusan iri 600. Tsohuwar zuriya ce, domin an samu burbushinta cikin duwatsu masu shekaru fiye da miliyan 250. Akwai ma irin da ke yawo bisa dusar ƙanƙara lokacin sanyi.

Wanda muke da shi a Afirka ba shi da wutsiyar kunama. Siriri ne mai dogayen ƙafafu kamar ƙaton sauro. Yakan rataye jikin ganye da ƙafafun gaba, ya cafke ƙuda da na baya. Neman aurensu kuwa sai da toshi. Wani masani ɗan Amurka, Randy Thornhill, ya bi diddigin wani irinsu na can a shekarun 1970: namiji ya kamo ƙwaro ya miƙa wa mace, in toshin ƙarami ne ta yi tafiyarta, in babba ne ta tsaya kamar minti 20 tana ci ana barbara. Wasu mazan kuma, maimakon wahalar farauta, sai su yi shigar mata su karɓe toshin wani su tsere. Ashe ba a kasuwa kaɗai ake damfara ba!

Amma mai cutar da mu a gidan nan shi ne wanda ba mu kula da shi. A 2020 masana daga jami'ar Bristol ta Ingila suka nuna cewa ƙuma, wannan dai da ke addabar awaki da karnuka, daga cikin wannan zuriya ta fito, ta rasa fikafikai ta koma shan jini. Ƙumar ɓera ce ke ɗauko cutar annoba ta kai wa ɗan Adam, kuma ɓarkewarta a Madagaska a 2017 ta kashe mutane fiye da 200. Ɓera kuwa, duk mai shagon hatsi ya san hanyar da yake shigowa.